Mai Keke da Kukar Burkusuma

"Gobe in Allah ya kai mu za ni wuce, Saude."

Saura ƙiris ƙwaryar fura ta suɓuce mini a ƙofar zaure.

Abdulgani ke nan, malamin makaranta daga Madawa ta Nijar, wanda ya rantse sai ya taka keke har Legas ya ga teku da idonsa. Kwana guda ya ce zai yi a zauren Babana Wakili, mai saukar da baƙi a unguwarmu ta Sabon Birni. Ni kuwa tun ranar da ya karɓi fura yana kallon ƙasa ya ce "Allah shi yi albarka," tawa ta same ni. Ina son shi, ba kuma a san ɗiya mace da fara faɗi ba.

Lagonsa guda na kama: mutumin nan in ya ji an ce wurin tarihi, jikinsa har rawa yake. Na tura shi kufan Alƙalawa, ya je ya dawo. Na tura shi bakin gulbi, na tura shi Gangara kallon rumbuna. Yau ga shi gaskiya ta ƙare mini.

"Ka wuce... ba ka ga kukar Burkusuma ba?"

"Wace kuka?"

"Duk ƙasar Gobir babu irin ta. Ƙarti goma ba su zagaye ta da hannu."

Astagfirullah. Ni da ban taɓa taka Burkusuma ba.

Da safe ya ɗaure gorar ruwa ya kama hanya. Ko kwanar gidanmu bai gama sha ba sai ga Illo, ɗan wan Babana, ɗan kabu-kabun da ya daɗe yana mini sintiri ina yi masa kunnen uwar shegu.

"Baba, kullum sai na kai hwasinja Burkusuma," in ji shi, har da gyara hula. "Wallahi babu wata kuka. Ɗiyarka ta ka juya baƙonka awa waina."

Baba ya kira ni. Ban iya ɗaga kai ba.

"Son shi kike?"

Na shiga murza bakin zane, hakan kuma ya tona ni.

"Baƙo raɓa na, Saude. Mutumin da gida nai ke bisa sirdin keke? Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ban san ko mutum guda cikin dangi nai ba."

Ashe maganar ta faɗa kunnen mai ita, don da la'asar Illo ya tare shi tun bakin titi ya juye masa komai. Abdulgani ya shigo zaure gumi sharkaf, Baba ya shiga ba shi haƙuri.

"Ai na ga kukar, Baba," ya ce. "Akuya na ɗaure jikinta. Ta ɗan hi akuyar kauri."

Bai ko dubi inda nake ba ya ƙara da cewa, "Gobe za ni Isa."

Isa kuwa ita ce hanyar Legas. Na shige ɗaki na yi kukan da ya fi na Burkusuma girma. Washegari Illo, don murna, har bayan gari ya raka shi yana danna masa oda.

Tuwo ya daina shiga. Inna ta ce in dai ciwon keke ne, ita ba ta da maganinsa.

Ranar nan ina shara sai na ji ƙararrawa...

Ƙirrin-ƙirrin!

Na leƙa. Abdulgani ne yana haki, a bayansa bisa kariyar keken wani dattijo ya rungume ƙunshin goro, rawani ya karkace.

"Sauke ni, ja'iri! Duk motocin Isa, sai ka ce rantsuwarka ta keke ta? Ni na rantse?"

Baba ya fito, ya tsaya turus. "Alhaji Halliru na kasuwar Isa?"

"Shi na, Wakili, abin da ya rage nai. Wanga ɗan ƙanena na. Ka ba shi ɗiyarka in samu in koma gida cikin mota."

Dariya ta ƙwace wa Baba har ya dafa bango. Suka shige zaure, ba a jima ba muka ji ana shafa fatiha. Illo da ke gindin darbejiya ya tashi babur ɗinsa, ya ƙi tashi, dole ya tura shi da ƙafa.

Abdulgani ya matso, a karon farko ya dube ni ido cikin ido.

"Tun Gangara na gane ki, rabin raina. Rumbu muna da shi, kuka ma tana ƙohwar gidanmu."

"To mi ya sa kat tahi?"

"Duk inda kinka aike ni, hanyar dawowa ta ƙohwarku ta ka biyowa."

Na ja gyale na rufe fuska, daɗi kamar ya kashe ni.

"Teku hwa?"

"Ta jira," ya ce. "Teku ba ta da Illo."