Ƙunshin da Ke Zuwa Daga Kalgo

Har gobe Huseina ba ta manta ranar da ta fara ganin Lukuman ba. Ranar kasuwar Kalgo ce, tana zaune gaban ƙwaryar furarta, ya zo ya gaida mahaifinta, hannunsa na dama dafe da ƙirji. Ya sha fura ya manta hularsa a kan benci. Da mako ya zagayo ya dawo neman hula, daga nan bai ƙara fashin kasuwar Kalgo ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aurensu a Gwandu. Yanzu ma hannun yana kan ƙirji, sai dai ba na gaisuwa ba ne.

A Hajjin 1998 Lukuman ya yanke jiki ya faɗi. Likitocin can suka ce jijiyar zuciyarsa ce ta toshe, suka zura mata wata 'yar ragar ƙarfe siririya don ta zauna a buɗe. Suka sallame shi da gargaɗi ɗaya: ƙwayoyin da ke hana jini daskarewa, kada ya tsallake su ko na yini guda.

Ba a samun maganin a kemis ɗin Gwandu. Mai samo shi daga Sakkwato ita ce Rahmatu, nas a Kalgo, ɗiyar ƙanwar Hajjo mahaifiyarsa, wadda aka so haɗa su aure kafin Huseina. Yanzu mijin Rahmatun ya rasu. Duk wata sai direba Sambo ya kawo ƙunshi, da 'yar takarda ta yadda za a sha. Lukuman kan ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

Huseina ba ta yi boko ba, da wasiƙun Lukuman ta koya wa kanta karatu. Ta karanta takardar sau ba adadi, babu komai sai "safe da yamma, bayan abinci." Amma rubutun wata mace ne, kuma a kan ƙirjin mijinta yake wuni.

Ga Hajjo kuma. Duk lokacin da ciwon ya ɗan taɓa shi sai ta ce, da gangan don a ji, "Da ɗiyata Rahmatu ce a gidan nan, da tuni ta san mi ke damun shi."

Ƙunshi na uku hannun Huseina ya shigo. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe kwallarta ta ƙasa, ta tura shi ƙarƙashin zannuwa. Ta ce wa Lukuman bai iso ba. Shi kuwa mai kara ne, ya ce kada a matsa wa baiwar Allah, taimako take yi. Huseina ta ce a ranta kwana kaɗan ne, Hajjo ta ga ɗiyar tata ma tana sakaci.

A rana ta takwas, a hanyar masallacin la'asar, Lukuman ya durƙushe yana gumi.

Tsakar gida ta cika, kowa da nasa. Kawu Atiku ya ce ƙarfen ne ya yi tsatsa. Wata maƙwabciya ta ce gyambon ciki ne. Hajjo ta ce sammu ne, tana duban ɗakin Huseina. Kafin magariba Sambo ya ɗauko Rahmatu.

Ta auna shi, ta yi bayani a natse. Ta ce ƙarfen ba ya tsatsa. Ciwon ƙirji bayan irin wannan aiki yana iya zama jijiyar ce ba ta gama sabawa ba, ko ƙwannafi, ko damuwa, ko kuma wurin ya sake tsukewa. Amma mafi haɗari shi ne jini ya daskare a jikin ragar, abin da kan faru idan an bar magani.

"Yaya, kana sha dai?"

Lukuman ya kau da kai don kada ya kunyata ta. Hajjo ce ta amsa, muryarta a sanyaye, cewa ai na wannan watan bai zo ba. Rahmatu ta juya ta dubi Sambo. Sambo ya dubi ƙasa.

"To, ƙila ya faɗi a mota," in ji Rahmatu. "Laifina ne da ban bincika ba. Sai dai likita zai so sanin ko kwana nawa."

Ta gane, kuma ta rufa asiri. Wannan ya fi mari zafi a wurin Huseina. Ta tashi ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin kwalla, ta fito ta durƙusa ta ajiye ƙunshin a gaban Hajjo.

"Kwana takwas ne. Ni na ɓoye, Inna. Kishi ne."

Hajjo ta buɗe baki, Rahmatu ta riga ta. "Inna, faɗan ya jira. A tada mota."

Kwana sha biyu ya yi a asibiti a Sakkwato. Likita ya ce Allah ya tsare, jijiyar ba ta gama rufewa ba. Hajjo ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwar Huseina, a na huɗu ta miƙa mata kofin kunu ta ce, "Nawa bakin ma ya yi nasa. Kai masa."

Kishi wuta ce, ba ta tambayar ɗakin wa za ta fara ci. Kuma babban da ke yabon wata a kunnen wata, shi ke hura ta.

Ranar sallama Lukuman ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa wa matarsa. Ya ce mantuwa ce ta sa yake ajiye ta nan, ai ta san mutumin da ya manta hularsa. Huseina ta kwafe ta da nata rubutun, harafi bayan harafi, Rahmatu na duba mata. Ta ninke ta mayar masa a aljihu, ta bar hannunta a wurin.

"Alhaji, ga Inna ga Yaya Rahmatu su shaida. Safe da yamma, da hannuna zan ba ka, ko daga hannun wa ya fito. In kishi ya taso mini, da baki zan faɗa maka, ba zan ƙara sa shi a kwalla ba."