Jan Katin Nagase

Da tsakar rana aka kira Sufeto Kuwabara zuwa rumfar gyaran jiragen sama da ke bakin teku. Ƙofar ramin tayar wani jirgin fasinja ta rufe a kan bakanike. Nagase sunansa, dattijon da ya koya wa rabin mutanen rumfar aiki.

An lulluɓe gawar, ƙafafun kawai ke waje. Takalman aikin sababbi ne fil, ko ɗigon mai babu a jikinsu.

"Ta yaya ƙofa za ta motsa da mutum a ciki?" Sufeto ya tambayi Okubo, shugaban ma'aikata.

"Yallaɓai, duk wanda zai shiga ramin taya sai ya rataya jan kati mai sunansa a makunnin da ke ɗakin matuƙi. Muddin katin na nan ba mai kunnawa, kuma ba mai cire shi sai mai shi. Yau babu kati. Marigayi ya manta."

"Wa ya kunna?"

"Shiraishi. Amma laifinmu ne baki ɗaya."

Ma'aikatan duk suka rusuna a tare. Abin nan na ƙona wa Kuwabara rai. In aka ce laifin kowa ne, to a kan gawa zai ƙare, tunda ita ba ta da bakin musu.

Shiraishi na zaune a kan akwatin kayan aiki. Aminin marigayin ne tun suna samari.

"Na duba makunnin, na nuna shi da yatsa, na faɗa da ƙarfi cewa babu kati, kamar yadda aka koya mana. Sannan na kunna."

"Ba ka leƙa ramin ba?"

"Na ga Nagase a ɗakin hutu, yana cin abinci."

An caje aljihun mamacin da durowarsa. Babu kati. Wanda ya manta bai rataya ba, ai a jikinsa za a same shi.

Da yamma Sufeto ya je gidan marigayin. Fumie, matar Nagase, ta tarbe shi da goshi a ƙasa.

"Ku yi haƙuri, mijina ya jawo wa kamfani abin kunya."

"Haba, Baba, tashi. Wa ya ce miki haka?"

"Daga kamfanin aka aiko." Ta share ido. "Amma ranka ya daɗe, mutumin da ko fitilar gida zai gyara sai ya liƙa takarda a makunni? Har tsiya nake masa, in ce tsoho, nan ba filin jirgi ba ne. Yanzu a ce da mantuwa za a riƙa tuna shi?"

Kuwabara ya sha shayin da ta ba shi, ya fita jiki a sanyaye.

Washegari ya koma rumfar, ya nufi ɗakin hutu. Tabarma ce a ciki, kowa a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi. Can gefe ga wasu tsofaffin takalma da suka sha mai, an rubuta Nagase a dunduniyarsu. Ba wanda ya iya taɓa su.

Ya sa aka kira Shiraishi.

"Ka ce ka gan shi a nan. Fuskarsa ka gani?"

Shiraishi ya sunkuyar da kai.

"Me yake ci?"

"Takalmansa na gani," Shiraishi ya ce da ƙyar.

"Sababbi ne a ƙafarsa jiya."

Shiraishi ya durƙusa. Ya zura hannu cikin rigarsa, ya fito da jan kati.

"Yana rataye, Yallaɓai. Na ɗauka ya gama ya tafi cin abinci, ya bar shi. A nan, wanda ya bar katinsa sai ya tsaya gaban kowa a taron safe ya ba da haƙuri. Yaya Nagase, da furfurarsa, a gaban waɗanda ya raina da hannunsa? Na ce bari in cire in ba shi a ɓoye, in rufa masa asiri." Ya fashe da kuka. "Shi ya koya mini kada in taɓa katin kowa. Shi!"

Kuwabara ya sha kama ɓarayi da masu kisa, amma bai taɓa jin hannunsa ya yi nauyi irin na ranar ba. Bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe shi a kafaɗa har mota, ma'aikata na tsaye ba mai ɗaga kai.

Da kansa ya kai wa Fumie kayan mijinta a jaka.

"Bai manta ba, Baba. Ya rataya katinsa, Shiraishi ne ya cire, ya ɗauka ya riga ya fita daga ramin. An wanke sunansa."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. "To me ya sa Shiraishi ya ɗauka ya fita?"

Sufeto ya kau da kai. Amma ta riga ta buɗe jakar, ta ga tsofaffin takalman da kullum yake tuɓewa a ƙofar ɗakin hutu. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ni na saya masa sababbin," ta ce a hankali. "Ya ce suna matse shi. Ni na matsa sai ya sa."