Ruwan Randa a Allurar Malam Bube

A cikin tsofaffin Tambuwal akwai waɗanda har yau in aka ambaci Malam Bube malamin shanu sai su nemi tsari, su kawar da zance. Mutum ne da Allah ya ba kai da baki. Ya yi makarantar midil a Sakkwato, ya dawo aka ba shi babur da akwatin allura, yana bin rugage yana yi wa shanu rigakafin bushiya, cutar nan da kan share garke cikin mako guda. Da a nan ya tsaya, da ya mutu da mutuncinsa. Amma shekara huɗu da samun mulkin kai aka buga gangar zaɓen majalisar tarayya ta Ikko, jam'iyya ta shiga neman wanda za ta tsayar. A ƙasar nan kuwa, a lokacin, duk wanda jam'iyya ta tsayar ya riga ya ci. Suna biyu ne a bakin mutane: Malam Maccido hedimasta, da Bube.

Sai dai Bube yana da abin ɓoyo. A ranin da ya wuce an tura shi rugar kawunsa Jumare, ƙanin mahaifiyarsa, can bayan Sanyinna. Maganin kuwa cikin ƙanƙara ake riƙe shi, zafi kaɗan ya taɓa shi ya lalace. A hanya ya ji manyan jam'iyya na taro a Dogon Daji, ya karkata don a gan shi, ya bar akwatin a kan babur cikin rana har la'asar. Da ya buɗe, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. In ya kai rahoto, takardar laifi za ta shiga fayil ɗinsa, zancen takara ya mutu. Washegari da safe matarsa Lauratu tana kallo ya cika kwalaben da ruwan randa. Ya je ya tsira wa shanun kawunsa ruwa, ya tsaga musu kunne alamar an yi musu rigakafi, ya sha fura da nono, ya dawo. Da damina ta sauka bushiya ta shigo. Garken maƙwabta, da wani malami ya yi wa allura, ko ɗan maraƙi bai faɗi ba. Garken Jumare sai da ungulu suka ƙoshi suka kasa tashi.

Saura kwana huɗu manyan jam'iyya su iso daga Sakkwato su yanke wanda za a tsayar, Jumare ya yi sallama a zauren Bube. Ya rame, sandarsa a kafaɗa, babu abin korawa da ita. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama.

"Bube," in ji shi, "shekara hamsin nika kiwo. Saniyar da anka yi ma allurar gaskiya takan yi zazzaɓi kwana biyu. Nawa ko guda ba ta yi ba. Mi ka sa musu?"

Bube ya durƙusa ya kama ƙafarsa. "Kawu, ka rufa mini asiri. Ka bari in shiga majalisa, wallahi in cika maka ruga da shanu ta fi da."

"Ba shanu na zaka nema ba. Mutanen Maccido sun ce in tafi gaban manya ran Alhamis in faɗi abin da na sani. Ni ɗan 'yar'uwata ba ni son tozarta shi. Ka faɗa da bakinka, in yafe maka a gabansu. In ba ka faɗa ba, ni in faɗa. Wanda ya yi ma dabba haka, in anka ba shi mutane mi za shi yi?"

Ya zare ƙafarsa ya fita.

Kwana biyu Bube yana saƙa da warwara. Ya riga ya ga kansa cikin mota, ya ga gidan bene, ya ji maroƙa na kiran sunansa. Yanzu abin da yake gani shi ne kora daga aiki, da kotu, da dariyar mutanen Maccido. Ran Laraba da sassafe ya hau babur ya nufi Kebbe, inda ya taɓa jin Fulani na raɗe-raɗin wani boka mai suna Ɗangiwa.

Bayan Kebbe, cikin daji, akwai kufan wani gari da aka watse tun zamanin yaƙe-yaƙe. Babu abin da ya rage sai ramukan marina, bakinsu har yanzu baƙi ƙirin da shuni. Ya iso rana tsaka, lokacin da ko tsuntsu ba ya motsi. A bakin rami mafi girma an jera ƙoƙunan kan shanu, ƙahoninsu duk sun kalli ciki. Wari na tasowa daga ramin, ƙudaje na shiga ba sa fitowa. Ɗangiwa na zaune a gefe, ɗan tsamurmurin tsoho da walki, hannuwansa rine har gwiwar hannu.

"Malamin shanu," in ji shi ba tare da ya ɗago ba. "Rufe baki kaka so, ko har da buɗe ƙofa?"

Bube ya dube shi. Rufe baki kaɗai ya kawo shi. Amma da ya ji zancen ƙofa sai ya haɗiyi yawu. "Duka biyun, Baba."

"Mutum nawa sunka san maganar?"

"Guda."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya. "Ka ce guda. To. Na cikin ramin ga ba shi tambayar suna. Maganar shika bi, duk bakin da ta taso shi rufe shi. Kuma kowane baki ya rufe, shi buɗe maka ƙofa. Ka yarda?"

"Rufewa kamar yaya? Ba dai kisa ba? Kawuna ne."

"Ni na ce kisa? Rufewa na ce. Rana na tafiya, malam. In ba ka so, ga hanya."

Bube ya tuna gobe Alhamis. Ya ce ya yarda.

Ɗangiwa ya zaro ɗanyen harshen bijimi daga wata tukunya, ya sa Bube ya ɗauko allurarsa ta aiki. Ya ce ya raɗa wa harshen abin da ya aikata tun daga farko har ƙarshe. Bube ya kai bakinsa ya raɗa, harshen na motsi a tafin hannunsa kamar kifi. Sannan ya soke shi da allurar, ya tofa yawu sau uku, ya jefa a ramin. Bai ji ƙarar faɗuwarsa ba. Abin da ya ji daga can ƙasa nishi ne, irin na saniya in ta kwanta ba za ta ƙara tashi ba.

Ran Alhamis aka cika zauren taro. Aka kira Jumare, ya miƙe, ya yi sallama, ya ce, "Ranku shi daɗe, wanga yaro da kuka gani..." Sai yawu ya ɓalle masa, igiya-igiya, har ƙasa. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, hawaye na zuba. Ya buɗe baki, aka ga dasashinsa duk ya ɓarke da gyambo. Duk makiyayin da ke wurin ya gane abin da yake gani, kuma kowa ya san bushiya ba ta kama mutum. Aka ɗauke shi ranga-ranga. Ya yi kwana shida ya cika. Manya suka ce sharrin 'yan hamayya ne ya koma kan mai shi, suka ɗaga hannun Bube.

Ya ci zaɓe. Kafin shekara ta zagayo ya sayi mota baƙa, ya sa manyan motoci uku a hanya suna kai shanu Kudu, ya ɗora bene a bakin kasuwa, ya sauke farali ya dawo Alhaji. Duk abin da ya taɓa sai ya haihu. Ya riƙa gaya wa kansa ajali ne ya ɗauki kawu, har ya kusa yarda.

Wata hantsi ya dawo hutu daga Ikko, mahaifiyarsa Goggo Fatsuma ta aika a kira shi ɗakinta. Tana kaɗi, ta ajiye mazarin.

"Zauna, Bube. Na daɗe ina haɗiye wagga magana, ta ƙi haɗiyuwa. Kafin Jumare shi tafi taron nan ya biyo ta nan. Ya ce mini..."

"Inna, ki yi shiru!" Ya zabura ya toshe mata baki da hannu. "Don Allah, don Annabi, kada ki ƙarasa!"

Ta ture hannun, cikin ɓacin ran da bai taɓa gani a fuskarta ba. "Ni za ka rufe ma baki? Ya ce ruwa ka..."

Ya ji ɗumin yawun a hannun rigarsa. Ya kwashe ta a mota zuwa asibiti, likita ya duba ya girgiza kai, ya ce bai san sunan wannan ciwo ba. Ran kwana na shida aka kai ta makwancinta. Ana zaman makoki takardar wayar tangaraho ta iso, an ba shi kwangilar da ya shekara yana nema. Ya karanta, ya zagaya bayan gida ya yi ta amai.

Lauratu ba wawiya ba ce. Ita ta ga ruwan randa, ita ta yi jinyar surukarta, ta haɗa wannan da wancan. Bube ya same ta a madafa ya roƙe ta, yana kuka, ko da wasa kada ta bari zancen ya zo bakinta. Daga ranar ta rage magana, don tsoron kada harshe ya zame. Ta daina zuwa biki, ta daina amsa gaisuwa. Daga baya ta fara ɗaure bakinta da ɗankwali, ba ta kwancewa sai za ta ci abinci. Wata rana aka same ta ta farfasa duk randunan gidan, tana zaune cikin caɓi tana dariya ta hanci. Aka ce iska ce, aka kawo masu ruƙiyya, ba abin da ya sauya.

Suna da 'ya guda, Ni'imatu, shekararta bakwai, ita ce ba ta gudun uwar. Takan zauna kusa da ita ta ji abin da take gunguni ta cikin ƙyalle. Abin da ke cikin rami bai kula da gunguni ba, tunda ba ya fita. Amma yarinya ta tsinci kalmomin ta mai da su waƙar wasa. Wata yamma Bube na shigowa gida ya tarar da ita tana 'yar gala-gala a tsakar gida, tana rerawa: "Ruwan randa, ruwan randa, Baba ya ba shanu..."

Ya yi ihu ya ruga, ya makara.

Ya bar ta kwance tana numfashi da ƙyar, ya tuƙa mota da kansa har inda hanya ta ƙare bayan Kebbe, ya ƙarasa da gudu, ƙaya na yaga masa babbar riga. Ya zube gaban Ɗangiwa.

"Baba, ɗiyata! Ka karɓe motocin, ka karɓe gidan, ka karɓe kujerar. Yarinya ce, ba ta san abin da taka faɗi ba!"

"Guda ka ce mini," in ji tsohon. "Ni ban yi maka ƙarya ba."

"A tono harshen!"

"Shiga ka tono."

Bube ya leƙa ramin. Abin da ya gani bai taɓa gaya wa kowa ba, amma ya ja da baya da rarrafe.

"Hanya guda ta rage," in ji Ɗangiwa. "Mai maganar shi faɗe ta da bakinai, gaban jama'a. In ta fita daga gare ka, ba sauran abin tsaro. Amma ka sani, bakinka ma baki ne."

Yana da kwana shida. Ranar farko ya ce bari a gwada likitan Sakkwato. Rana ta biyu ya tara malamai suka sauke Alƙur'ani, bai gaya musu dalili ba. Sau biyu yana fita ƙofar gida da niyyar tara mutane, maroƙa suka tare shi da kirari, ya koma ciki. Yana son 'yarsa, wannan ba shakka. Amma ya tsaya neman wata hanyar da ba za ta ci shi ba, har ran kwana na shida da azahar mata suka fasa kuka.

Ba a yi arba'in ɗin Ni'imatu ba rediyo ta ce soja sun karɓi mulki, an rushe majalisa, an soke jam'iyyu. Kujerar da ya sayar da mutum uku a kanta ta tafi cikin sanarwa guda. Motocinsa biyu suka kife a mako ɗaya, direban ta ukun ya gudu da ita. Dangin Lauratu suka zo daga Sanyinna suka tafi da ita, bakinta a ɗaure.

Ranar kasuwar Tambuwal, rana tsaka, aka ga Alhaji Bube ba hula ba takalmi ya hau kan wani amalanke a kara, inda ake cinikin shanu. Ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku saurara! Ni na kashe shanun Jumare. Ruwan randa na sa musu. Ni na kashe Jumare, da uwata, da ɗiyata!"

Mutane kaɗan suka waiwaya. Zancen soja ne a bakin kowa, ga ciniki na ci. Wani dillali ya ce, "Wane Jumare kuma?" Na kusa da shi ya ce, "Bar shi, tun da anka rushe majalisa kansa ya taɓu." Bube ya buɗe baki zai maimaita, yawu ya ɓalle.

Shi bai samu sauƙin mutuwa a kwana shida ba, wata huɗu ya yi a zauren benensa, yana nishin da ke hana masu wucewa bin ta ƙofar. Da ya cika, da ƙyar aka samu sahu guda a sallarsa.

To, kai mai hangen kujera, da kai mai ƙishirwar dukiya, ka ji. Laifin Bube na farko takardar gargaɗi ce hukuncinsa, ko kora in ta yi tsanani, kuma kawunsa ya zo har gida da yafiya a hannu. Kwaɗayi ya hana shi karɓa. Duk wanda ya kai kukansa ga wanin Allah, ya sani ba a aljihunsa za a karɓi ladan aikin ba. A cikin ɗakinsa za a karɓa, a zaɓi waɗanda ya fi so, a bar shi da rai ya kai su kabari ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya tsare mu da son zuciya, Ya sa mu fi ƙarfin abin da muke so.