Gawon Baffa Balarabe

Da damina suka haɗu, a gefen gonar Baffa Balarabe da ke wani ƙauye kusa da Doguwa. Mustapha na tsaye da madubin hangen nesa, yana neman ƙarfen sabis na Tudun Wada. Kamfaninsu ne ya turo shi ya kafa farantan sadarwa biyu, ɗaya can ɗaya nan, kuma dole su riƙa kallon juna babu abin da ya gitta, in ba haka ba saƙo ba ya wucewa.

Ramla, 'yar Baffa, ta biyo da ƙwaryar fura za ta kai wa masu noma.

"Sannu da aiki, Malam. Me ake hange haka?"

"Hanyar da muryarki za ta bi in kin kira ni," ya ce, ko kunya babu.

Ta sunkuyar da kai tana dariya, sannan ta nuna wata ƙatuwar bishiya a kan tudu, daidai inda yake hange, ko ganye ɗaya babu a jikinta. "Ka dai lura da gawon Baffa."

"Wannan busasshen? Ai ya mutu."

"Bai mutu ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya fitar."

Ɗan birni ne, ya san kan na'ura amma bai san gawo ba, kuma a lokacin bakinta yake kallo, ba maganarta yake ji ba. A takardar neman lasisi da suka tura hukumar sadarwa, da hannunsa ya rubuta cewa babu wani cikas a hanya sai mataccen itace. Aka ba su lasisi, an ƙayyade zangon da za su watsa a kai, da ƙarfin na'urar, da tsayin da farantin zai zauna.

Sabis ya zo ƙauyen, soyayya ta samu hanya. Saƙon farko da ya bi ta farantin nasa ne:

"Rabin raina, gwaji nake yi. In ya iso, ki ce kina sona."

"Ya iso, Injiniyana. Sauran maganar ka zo ka ji a ƙofar gida."

Kafin kaka magabatansa sun zo gaisuwa. Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, Sha'aibu, ɗan ƙanin Baffa, wanda ya daɗe yana son Ramla ita kuma ba ta yi da shi. Shi kamfanin ya ɗauka gadin ƙarfen.

Rani na shiga gawo ya cika da ganye, ya yi luf. Sabis ya fara yankewa, mutane na hawa tudu suna ɗaga waya sama suna tsine wa kamfani. Maigidan Mustapha, Alhaji Dikko, ya kira shi rai a ɓace.

"Ka ƙara wa na'urar ƙarfi kawai, wa zai sani?"

"Ranka ya daɗe, lasisi bai ba mu ba. In na ƙara, sai mu shiga zangon wasu mu ɓata musu aiki, hukuma ta rufe mu."

"To a sare bishiyar."

Ita ma ya ce a'a. Ya san kakan Ramla ne ya bar gawon nan lokacin da ya share gonar, da 'ya'yan gawon shanun Baffa suke cin rani, a inuwarsa kuma marigayiya mahaifiyarta take sussuka. Ya rubuta wa hukuma yana neman izinin ɗaga farantin sama da bishiyar. Bai gaya wa kowa a ƙauyen ba, har Ramla, don kunyar a ce ɗan boko ya kira gawo matacce. Wannan girman kan ne ya cuce shi.

Ranar kasuwar Doguwa, Baffa ba ya nan, Sha'aibu ya kawo masu injin yankan itace, ya ce umarnin Injiniya ne. Kafin azahar gawon yana ƙasa, sabis ya dawo tangaran.

Baffa ya dawo ya tsaya a kan kututturen. Magana ɗaya ya yi: "A mayar musu da goronsu."

Saƙon Ramla ya iso wa Mustapha nan take, ta hanyar da aka share:

"Na gaya maka ranar farko. Ka sare inuwar Innata don farantinka ya ga hanya. Kar ka sake kirana."

"Wallahi ba ni ba ne, rabin raina. Ki saurare ni."

Ba ta amsa ba. Sati shida yana rubutu, yana gani saƙon ya isa, shiru. Ya rame, ya tsani ƙarfen, ya tsani kansa.

Ran da amsar hukuma ta iso da izinin, ya ɗauke ta ya nufi ƙauyen, ya durƙusa gaban Baffa a zaure. Baffa ya sa aka kira Ramla ta karanta. Ta karanto ranar da aka nemi izinin, kwana goma sha biyu kafin a sare gawon. Aka aika kiran Sha'aibu, aka ce tun da ya hango motar Mustapha ya yi hanyar Kiru.

"Na ji, ba kai ka sa ba," in ji Baffa. "Amma wa ya rubuta matacce ne?"

"Ni ne, Baffa."

"Wa ya yi shiru har aka samu ƙofar yi maka ƙarya?"

"Ni ne."

"Tashi ka tafi."

Washegari da hantsi aka ga Mustapha a saman ƙarfen da ma'aikatansa, suna ɗaga farantin. Baffa ya zo ya tsaya a ƙasa har ya sauko.

"Wahalar me kake yi? Ai babu abin da ya tare maka hanya yanzu."

Mustapha ya kai shi gindin kututturen. Wani ɗan toho ne ya fito daga saiwa, bai kai kamu ɗaya ba, Mustapha ya kewaye shi da waya saboda awaki.

"Wuri nake bar masa, Baffa."

Tsohon ya daɗe yana kallon tohon, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ni dai ba zan sha inuwarsa ba," ya ce. "Ka turo magabatanka."

Da la'asar saƙo ya shigo:

"Har yanzu ina jin haushinka, Injiniyana. Amma ka zo ƙofar gida."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Jama'a suka watse da addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Da za a tafi da amarya, Baffa ya dafa kanta ya sa mata albarka, sannan ya juya ga ango.

"Allah ya yi muku albarka. In ta gaya maka magana, ka ji."

Mota ta bi ta gefen gonar. Shanun Baffa na tsaye a rana tsaka a kan tudun, inda suka saba samun inuwa. Ramla ta kawar da kai, Mustapha ya riƙe hannunta har suka hau kwalta.