Sai Ya Gama Rufin

Auta ta same shi a kan rufin ɗakin Mama yana buga ƙusa, rana tsaka, ko hula babu. Rufin da ko ɗigo ba ya yi.

Direba ne, wanda za ta aura, kuma shi ke tuƙi ranar da taya ta fashe yayanta ya rasu. Kowa ya san ba ganganci ba ne. Mama da kanta ta kama hannunsa ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, ranar aure kuma tana nan yadda aka sa.

Amma bawan Allahn nan ya ɗaga auren, ya sake ɗagawa. Kullum yana gidan, yau shara, gobe gyaran famfo, jibi goge bencin coci. Abincin Mama kuwa ba ya taɓawa, wai bai cancanta ba tukuna.

Fasto ya yi magana har bakinsa ya gaji. Ya ce masa ba da aiki Allah ke karɓar mutum ba, alheri ne, Almasihu ya riga ya gama komai a kan gicciye, nasa kawai ya ba da gaskiya ya karɓa. Direba ya ce amin cikin ladabi, ya tashi ya ɗauki tsintsiya.

Auta ta ɗaga kai, rana na sukar idonta.

"Sauko, masoyina. Rigar aurena ta fara ƙura a wurin tela."

"Bari in gama nan."

"In ka gama fa?"

"Akwai katangar baya..."

"Ni ban ce ka yi mini komai ba. Haka kawai nake sonka, ba don rufi ba, ba don katanga ba."

Gudumar ta tsaya. Bai dube ta ba ya ce, "Abin da na kasa ɗauka ke nan, Auta."

Nan ta ji zuciyarta ta mutu. Da fushi yake yi, da ta lallashe shi. To ya za ta yi da mutumin da aka miƙa wa kyauta ya ɓoye hannu?

Mama ta fito ta ajiye kwanon abinci a gindin tsani kamar kullum. Auta ta zare zoben baikon da ya sa mata ta ɗora a kan murfin, ta shige ɗaki tana hawaye. Ta tsaya bayan ƙofa, ta kasa kunne ko za ta ji motsin tsani.

Gudumar ce ta ci gaba.