Ramuka a Bayan Gidan Gwaggo

Sufeto na fama da fankar ofishinsa, yana zungurar ta da bakin biro ko za ta juya, sai Saje ya leƙo ya ce wata dattijuwa ta kawo ƙara, kuma ta rantse ba za ta yi magana da kowa ba sai babba.

Kafin ya ce a shigo da ita har ta shigo ta ja kujera. Gwaggo ake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya duk sun yi aure sun watse, tana zaune a tsohon gidan da ta gada wajen mahaifinta, ita da ƙanin mijinta da kowa ke kira Baffa.

Ta ce akwai wani mai gyaran rediyo, tun da waya ta kashe masa kasuwa ya sayi na'urar gano ƙarfe a ƙasa, yana bin tsofaffin gidaje yana neman izinin dubawa. Ya roƙe ta, ta yarda, bisa sharaɗin a raba abin da aka samu. Ya yi ta tono mata ƙusoshi da marafan kwalba tana masa dariya. Jiya kuwa sai ga 'yar tukunya a gindin lemo, cike da tsabar azurfa ta zamanin da, duk sun yi baƙi. Suka yarda ta kulle su a kabad har a samu wanda ya san darajarsu. Yau ta dawo daga kasuwa ta tarar an ɓalle kabad, filin da ke bayan gidan kuma ya koma kamar gonar da aladu suka kwana a ciki.

"Wa kike zargi, Gwaggo?"

"Ni ba na zargin kowa, ɗan nan. Baffa ne ya ce Mai Rediyo ne, maƙwabta kuma sun gan shi a ƙofa da hantsi." Ta gyara mayafi. "Amma mutumin da ko albasata ya taka sai ya ba ni haƙuri?"

Da suka isa gidan, ƙofa cike take da maƙwabta. Tun da Gwaggo ta yi kururuwa suka taru, ba wanda ya fita daga gidan ba su gani ba.

Sufeto ya zagaya baya. Ramuka ne birjik, manya, a buɗe, an watsa ƙasa ko'ina, har an sare saiwar lemon. Ya tambaya ina ramukan da Mai Rediyo ya tona a kwanakin baya. Gwaggo ta yi ta dubawa kafin ta iya nuna masa ɗaya. An mayar da ƙasar, an daddanna, har ciyawar an dasa ta inda take.

"Saje, me ka gani?"

"Na ga mutum biyu, yallaɓai. Ɗaya tela, ɗaya mahauci."

A bayan randa suka tsinci fartanyar Gwaggo da ɗanyar ƙasa a bakinta.

Baffa na kwance a ɗakinsa na kusa da ƙofar gida, ƙafar hagu naɗe da bandeji tun daga gwiwa har idon sawu, sandar dogarawa a jingine da bango. Ya ce tun hatsarin babur da ya yi aka sa masa ƙarfe a ƙafa, kuma yau ciwon ya tashi, ya sha magani ya yi barci kamar gawa.

"Ba ka ji ana sara a bayan gida ba?"

"Ko ganga aka buga ba zan ji ba, ranka ya daɗe."

"To ta yaya ka san Mai Rediyo ne?"

"Ai ba sai an gani ba. Wa ya san da azurfar in ba shi ba?"

Ya matsa lallai a bincike ɗakinsa don zuciyar kowa ta kwanta. Saje ya ɗaga katifa, ya zazzage akwati, ya leƙa cikin takalma. Babu komai. Da za su fita Sufeto ya miƙa masa hannu. Baffa ya miƙo damtse, Sufeto ya kamo tafin ya matse. Sai da Baffa ya ja iska ta haƙori. Tafin duk sabbin bororo ne, ɗaya har ya fashe. Ya ce sandar dogarawa ce ta yi masa haka.

Mai Rediyo suka samu a shagonsa, tsakanin matattun rediyoyi, ya haɗa kai da gwiwa. Labari ya riga su zuwa. Ya rantse yau ko hanyar gidan bai bi ba.

"Mutane sun gan ka a ƙofa da hantsi, sanye da sabuwar riga," in ji Sufeto. "Ko dai ka faɗa a nan, ko ka faɗa a caji ofis."

Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya jawo wata 'yar rediyo daga ƙarƙashin tebur, an goge ta tana ƙyalli. Ya ce ita ya kai wa Gwaggo, da wata magana da ya daɗe yana son faɗa mata bakinsa ya ƙi buɗuwa. Matarsa ta rasu, Gwaggo ma ba miji, to. Ya ɓoye zuwan ne don kada a ce tsoho ya ga azurfa ya fara zawarci.

Saje ya juya baya yana tari.

"Ka shiga gidan?"

"Ina fa. Ƙofar a kulle take da sakata ta ciki. Na ji ana sara a baya, na ɗauka ta samo wani ta sallame ni. Na dawo raina a ɓace."

Sufeto ya tuna Gwaggo ta ce tura ƙofa kawai ta yi ta shiga. Ke nan wani ya sa sakatar daga ciki, ya kuma zare ta kafin ta dawo.

Ya nemi a nuna masa yadda na'urar ke aiki. Nan take Mai Rediyo ya manta da baƙin cikinsa. Ya ɗora faifan da ke bakin na'urar a kan ƙusa, ta yi gurnani kamar tsohon kare. Ya ɗora a kan zoben azurfar da ke yatsan Saje, ta yi wani siririn fito. Ya ce kowane ƙarfe da muryarsa.

"Ɗauko ta mu tafi," in ji Sufeto.

A tsakar gidan Gwaggo Sufeto ya sanar cewa za a bi gidan da na'ura, daga ɗakuna har mutanen ciki, kuma da shi za a fara. Ta yi gurnani a kan bel ɗinsa, ta yi a kan ankwar Saje, ta yi a kan makullan Gwaggo. Maƙwabta na leƙe ta ƙofa suna dariya.

Baffa, da aka fito da shi aka zaunar a kujera, tun kafin a zo kansa ya fara jawabi. Ya ce kowa ya shaida akwai ƙarfe a ƙafarsa, in abin nan ya yi kuka kada a ce wani abu.

"Mai kaza a aljihu," Saje ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Sufeto ya ɗora faifan a kan ƙafar dama, wadda babu bandeji. Gurnani.

"Yauwa," in ji Gwaggo. "Ai dama ce aka yi wa aiki. Ni na yi jinyarsa."

Ya mayar kan ta hagu. Na'ura ta saki fito, siriri, dogo, tun daga gwiwa har idon sawu.

"Baffa, wane asibiti ne ke sa wa mutane azurfa a ƙafa? Faɗa min in kai tawa."

Baffa ya ce ciwon ne ya koma hagu. Saje ya durƙusa ya kama bakin bandejin yana warwarewa a hankali. Tsabar azurfa ta farko ta faɗo a kan siminti ta yi ƙara, ta gangara ta tsaya a gaban Gwaggo. Sauran suka biyo kamar ƙanƙara.

Daga nan bai wahalar da kowa ba. Ya ce shekara da shekaru yana shanya kaya a gindin lemon nan, yana taka dukiya bai sani ba, sai wani ya zo da sanda mai kuka ya kwashe. Da Gwaggo ta fita ya sa sakata ya hau tono, yana zaton akwai wata tukunyar. Gwangwani kawai ya samu. Haushi ya sa ya ɓalle kabad. Ya zare sakata yana shirin fita ya jiyo muryarta a waje, ya faɗa ɗaki ya naɗe azurfar a ƙafa da bandeji. Ƙafar daman kuwa ba ta jure ɗauri, shi ya sa ya naɗe ta hagu.

Gwaggo ta dube shi ta daɗe. "Da ka tambaya, Baffa, da na ba ka. Sharrin da ka yi wa wannan bawan Allah shi ya fi min ciwo."

Ta juya ga Mai Rediyo, wanda ke tsince azurfar yana hure musu ƙura, ta tambaye shi me ya kawo shi da hantsi. Ya dubi Sufeto. Sufeto ya ce wannan ba aikin hukuma ba ne, su ƙarasa da kansu.

Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da matashi da bargo ta ba Saje, ta ce ko ɓarawo ne dai ƙanin mijinta ne, kada a bar shi a kan siminti.

Baffa ya taka har mota da ƙafafunsa, garau. Da ya zauna a baya sai ya matso kusa da Saje.

"Saje, wannan caji ofis ɗin naku, tsohon gini ne?"

"Tsoho ne ƙwarai."

"An taɓa duba bayansa?"

Saje ya rufe ƙofar motar. Sufeto na dariya ya tayar da inji.