Mai Tsaya Mini a Jikin Bango

Saura kaɗan in bar wannan a cikina, don ko magana ba ta dame ni ba, balle rubutu.

Saitin fitilar mota sai da duhu. Da Baba yana raye, shi ke tsayawa jikin bangon garejinmu, ina juya sukuru har hasken ya sauka a gwiwarsa. Tun rasuwarsa sai dai in ja layi da alli.

Ran nan bayan isha na sa wa wata mota sabon ƙwan fitila, ni kaɗai, mai ita zai yi sammakon tafiya. Na duba bango, ashe ruwan sama ya wanke layin. Sai ga wani tsoho tsaye a wurin.

"'Yar nan, sauke ta hagun," in ji shi. "Kar ki makantar da bayin Allah."

Na juya sukuru.

"A hankali mana, wuyan kaza kike murɗewa?"

Haka Baba ke ce mini. Na ɗaga ido. Hasken yana daidai gwiwarsa, amma bangon fes, babu inuwa. Ƙwarin fitila suna shiga ta rigarsa suna fita ta baya.

Washegari na ɗauko alli zan sake jan layin. Na daɗe tsaye, sannan na mayar da shi aljihu.